Injin Raba Alawa a Rumfar Inna

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba abin mamaki ba ne a wajenmu. Iyayenta masu shanu ne daga wajen Baturiya, sun shigo gari da kunyarsu gaba ɗaya, ba su bar ko kaɗan a ruga ba. In tana son a yi mata aiki sai ta kalli bango ta ce, "Ƙofar nan ta sake saki." In ina wurin na san da ni ake. In na gyara, sai ta ce wa bangon, "To." Na haura hamsin ina karɓar wannan, kuma ban taɓa jin an rage ni da komai ba sai shekarar da ƙanina ya kawo injin alawa.

Ni makanikin injin ban ruwa ne. Aji huɗu na yi a firamare aka kai ni gareji. In rani ya shiga, daga fadamun bakin kogi har Kirikasamma, duk mai tattasai ko alkama da injinsa ya ƙi tashi ya san rumfata. Ƙanina kuwa shi ne auta, shi aka bari ya yi boko har ƙarshe. Yana koyarwa a wata makarantar koyon sana'a, da gilashinsa da jakarsa da 'yar kwamfutarsa. Ba mugu ba ne. Da mugu ne ma da na fi samun sauƙi.

Inna tana sayar da alawa a cikin gida, ba don an rasa abin ba ta ba, don dai ba ta iya zama hannu sake. Wata alawa ce ƙanana, mulmulallu kamar 'ya'yan magarya, launi huɗu a gauraye cikin roba guda: ja, kore, shuɗi da ruwan ɗorawa. Ita ke tsincewa ta ƙulla kowane launi daban a leda, don yaran unguwa kowa da nasa. 'Yan mata ja suke so ya rina musu leɓe, maza shuɗi don su fito da harshe su tsorata juna. To sai yanar ido ta fara rufe mata gani, aka ce sai ta nuna kafin a yi aiki. Ran nan wata yarinya ta dawo da ƙulli ta ce, "Inna, na ce ja kin ba ni kore." Kwana bakwai Inna ba ta buɗe robar ba. Aka sa jikoki su tsince mata, rabin alawar a cikinsu ta ƙare.

Shi ne ƙanina ya ga wani abu a waya, irin wasan da wasu ke yi don nishaɗi, ya ce zai haɗa mata. Na yi dariya. Bayan wata guda sai ga shi da akwatin katako a bayan babur.

Zan faɗi gaskiya, abin ya yi kyau. A sama ya kifa wuyan robar ruwa ya zama mazurari. Wani faifai yana ɗauko alawa ɗaya ya kai ta gaban wani ɗan ido mai fitila, idon ya gane launinta, sannan a sake ta ta gangaro cikin guntun bututu. Gindin bututun yana kan wani ɗan inji shuɗi wanda bai kai kwalin ashana ba, sarbo ake ce masa. Shi ba ya juyawa gaba ɗaya kamar fanka. Ana ba shi lamba ne, ya je ya tsaya daidai wurin. A kansa akwai ɗan hannu na farar roba, shi ke riƙe da bututun yana kai bakinsa kan gwangwanayen madara huɗu da aka jera a ƙasa. Ja nan, kore can. Batir ɗaya ke tafiyar da komai.

Aka ajiye shi a rumfar kwano da Inna ke zama. Aka kunna. Zit, ƙwal. Zit, ƙwal. Inna ta laluba gwangwani ta ɗauko alawa ta miƙa wa maƙwabciyarta, wata tsohuwa da suke hira kullum, ta ce ta duba mata. Tsohuwar ta ce duk ja ne, babu baƙo ko ɗaya.

Ƙanina ya durƙusa, Inna ta ɗora hannu a kansa.

"Auta, Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka. Ka zama idona, Allah ya haskaka gabanka da bayanka."

Ta daɗe tana yi. Ina tsaye da hannuna baƙi ƙirin da mai, ina cewa amin.

Ba ranar na fara jin ta sa masa albarka ba. Amma da a kan karatu ne, a kan takarda, abin da ba nawa ba. Wannan kuwa inji ne. Inji nawa ne. Shekarar da kogi ya shigo unguwarmu, ni na goyo Inna a baya na fitar da ita, na dawo na kafa injina biyu a tsakar gidan nan kwana uku ina zuƙe ruwa, ƙafafuna har suka yi fari suka tsage. Da ta dawo ta taka busasshiyar ƙasa, abin da ta ce shi ne, "An yi aiki." Yanzu ga yaro da akwatin katako da gwangwanin madara, duk matar da ta shigo gidan sai an kunna mata, sai an ce, "Auta ne ya haɗa da hannunsa."

Na yi wa matata maganar sau ɗaya, ina wanke hannu da fetur. Ta ce, "Kai fa kamar yaron da aka yaye aka yi masa ƙani. Da furfurarka." Ban sake yi mata ba.

Da bazara ta shigo sai injin ya fara rashin ji. Da safe lafiya lau. Da an yi azahar sai bakin bututun ya riƙa tsayawa a gefen gwangwani, alawa ta bugi baki ta yi tsalle, ko ta faɗa tsakanin biyu. Ƙanina ya tashi daga makaranta ya zo ya buɗe kwamfuta, ya ƙara lamba nan ya rage can, abu ya daidaita, ya tafi. Washegari a koma gidan jiya, har ya fi.

Rana ta biyu na gano abin. Ba wani ilimi ba ne. Mu in injin ban ruwa yana wasa, kafin mu kwance komai sai mu ɗora hannu mu ji ko yana zaune a kan gindinsa, don laka tana cin ƙafar inji. Ƙanina ya shiga ɗaki ɗauko waya, na ɗora ɗan yatsa a kan sarbo yana aiki. Duk sanda hannun ya juya dama, jikinsa sai ya ɗan goce hagu. Da gam ya manna shi a katako, irin na kyandir ɗin nan da ake narkarwa da 'yar bindiga. A ƙarƙashin kwano, a zafin Haɗeja, gam ɗin ya koma kamar cingam. Shi yana can yana gyara lamba, ita kuwa kujerar ce ke tafiya.

Na cire yatsana na sa a aljihu. Na yi shiru.

Sati uku na yi ina wannan shirun. Har na riƙa rufe rumfa da wuri don in zo kallo.

"Malam, yau ma ɗalibin ya faɗi jarrabawa?"

"Yaya, lissafin ne bai zauna ba."

"To a maimaita masa aji mana."

Ya yi murmushi ya share gumi. Ya canza batir. Ya canza waya. Ya sayo sabon ido daga Kano, ya ce ko hasken rana ne ke ruɗa tsohon. Ina zaune a kan turmi ina jin daɗi kamar an ba ni kunun tsamiya mai sanyi. Jira nake ranar da Inna za ta gaji ta kalli bango ta ce, "Injin nan ya ƙi."

Ba ta ce ba. Sai ma ta ce, "Bar shi haka, Auta, je ka huta. Ko bai yi ba ai ka yi niyya, Allah ya yi albarka." Wato ya gyara albarka, ya kasa albarka.

Wata rana na shigo da tsakar rana na same ta ita kaɗai, ta sauko daga tabarma tana rarrafe, tana shafa ƙasa da tafin hannu tana neman alawar da ta zube. In ta samu ɗaya ta hure yashin ta riƙe a bakin zani, ba ta san ma wane launi ba ne. Na ji kunya. Amma ba zan ce kunya kaɗai ta tashe ni ba. Na kuma yi tunanin cewa in na gyara ni kaɗai, a gabanta, babu yadda za ta yi ta ba wani albarkar.

Washegari da hantsi, ƙanina yana makaranta, na zo da kayana. Na yanko ɗan ƙarfe daga murfin wani mataccen inji, na lanƙwasa shi daidai jikin sarbo, na huda, na tanadi noti biyu. Inna tana kan tabarma ta juya mini baya.

"Ana taɓa injin Auta," ta ce wa bango.

"Ana gyara shi ne," na ce wa injin.

Na kwance ɗan sukurun da ke riƙe da hannun robar, na zare hannun da bututun, na ɓamɓare sarbo daga gam. Sai na yi abin da nake yi wa kowane inji in ya shigo hannuna: na kama kansa da filaya na juya, in ji ko haƙoran cikinsa lafiya. Ya yi wani ɗan kuka mai daɗi, na juya shi gaba, na juya baya. Lafiyarsa ƙalau. Na ɗaure shi da ƙarfen, na girgiza, ko motsi. Na saita bututun da ido ya kalli tsakiyar gwangwanaye, na danna hannun, na ɗaure sukuru. Na zuba alawa, na ce bisimilla, na kunna.

Bututun ya yi wani irin wulli ya je ya daki bangon akwatin. Ya tsaya nan yana turawa, sarbo yana zzzz kamar zanzaro a cikin kwalba, alawa tana zuba a ƙasa. Na kashe. Na taɓa shi, ya yi zafi. Na zare hannun na matsar da shi, na kunna, sai ya daki ɗaya bangon. Na sake. Sau biyar. A na ƙarshe ja ya shiga gwangwani, sauran ukun duk a ƙasa.

Inna ba ta juyo ba. Ta ce a hankali, "Da dai ana ɗan samu a gwangwani."

Na fita zaure na kira ƙanina. Tun da na mallaki waya ban taɓa kiransa in ce ya zo ya taya ni gyaran inji ba.

Ya zo bayan la'asar. Maƙwabciyar Inna ma tana nan, sun baje a tabarma. Ya tsuguna ya kalli ƙarfen da na sa. Ya tura shi da babban yatsa. Ya ɗauki ɓawon gam daga ƙasa ya matsa shi, ya lotsa.

"Gam ɗin ne?"

"Gam ɗin ne."

"Yaushe ka gani?"

"An kwana biyu."

"Yaya, kwana nawa?"

"Sati uku."

Ya cire gilashi ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Na so ya zage ni. Sai kawai ya mayar ya ce, "Ka juya kansa da hannu?"

"Kowane inji ai sai an ji shi."

"Shi ya sa. Cire hannun."

Na cire. Ya jona kwamfuta ya rubuta casa'in. Sarbo ya yi zit, ya tsaya cak, babu komai a kansa.

"Nan ce tsakiyarsa. Shi ya san tsakiyarsa, ba idonka ba. Sai an tsayar da shi a nan da wuta a jikinsa, sannan a sa masa hannu. Kai ka sa masa yana can gefe, shi ya sa yake neman hanya ta cikin katako. Yanzu sa."

Na ɗora hannun. Kan sarbo yana da ƙananan haƙora, ramin hannun ma haka. In na sa a wannan haƙori, bututun ya ɗan karkata dama. In na matsa ɗaya, ya ɗan karkata hagu. Babu na tsakiya.

"Wannan ai tayimin ne, irin saitin haƙoran da muke yi wa inji," na ce. "Da ka ce min tayimin ne tun farko."

"Da ka ce min gam ne tun farko."

Ya fi ni gaskiya. Muka zaɓi wanda ya fi kusa, ya ce sauran zai cike da lamba. Na kama sukuddireba na fara ɗaurewa, ya riƙe min hannu. "Yaya, roba ce fa, ba kan silindar injin ban ruwa ba."

Daga nan ya goge duk lambobin da ya yi ta cusawa a sati ukun nan, muka fara daga farko. Na kwanta rub da ciki a ƙasa, idona a bakin bututu, shi yana danna kwamfuta. "Ƙara. Ƙara. Ƙara ɗaya. Kai, ya wuce, rage biyu. Tsaya nan." Ya rubuta a takarda. Muka koma kore. Da muka gama huɗun na ce ya kai shi ƙarshen dama da ƙarshen hagu in ga ko zai taɓa katako, bai taɓa ba. Na ce ya riƙa zuwa kowane gwangwani ta ɓangare biyu, don na lura in ya taho daga hagu yana tsayawa ɗan baya da inda yake tsayawa in ya taho daga dama. Ya ɗago ya kalle ni, ya gwada, haka ne. Muka raba bambancin. Sannan na kafa ƙananan ƙusoshi kewaye da gindin kowane gwangwani don kada tsintsiya ta matsar da su. Ban taɓa aiki da shi haka ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin.

Muka zuba alawa cike da mazurari. Zit, ƙwal. Zit, ƙwal. Har ta ƙare ko ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba.

Inna ta miƙo hannu tana laluben iska. "Auta, matso." Ya matsa ya durƙusa. Ta fara. Allah ya yi albarka, Allah ya rufa asiri, Allah ya raba ka da mahassada.

"Inna," ya katse ta, "Yaya ne ya gano matsalar. Shi ya yi ƙarfen. Ba don shi ba da ina nan ina ta sayen ido."

Bai faɗi sati ukun ba. Wannan ma ya ƙara min haushi.

Inna ta kawar da kai ta ce, "To."

Ina nan zaune a ƙasa, gaban rigata duk yashi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na kalle ta kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo.

"Inna, ni fa? Ni ba ɗa ba ne? Sau ɗaya dai. Ki faɗa sau ɗaya in ji da kunnena kafin ɗayanmu ya mutu."

Inna ta jawo mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Can ta ce, "Auta, kama ni in tashi." Ya kama ta. Sai da ta kai bakin ƙofar ɗaki ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ka tambayi yayanka me na yi masa da zai tuɓe ni a gaban mutane da tsufana."

Ta shige. Maƙwabciyar ta lalubi takalminta tana cewa, "Kai ma dai. Uwa ta yi ta ɗauke ido a kanka shekara hamsin, ka ɗauka abu ne mai sauƙi? Mu da muka yi mu muka sani." Ta fita tana tsaki.

Kwana huɗu in na yi sallama Inna sai ta shige ɗaki. A na biyar ta zauna. Na gaishe ta ta amsa wa bango kamar yadda aka saba, na ɗauka an wuce wurin. Injin kuwa tun daga ranar bai sake zubar da alawa ba, har damina ta sauka.

Ran Juma'a muka haɗu da ƙanina a gidan. Ya kawo mata maganin ɗigawa a ido da ledar lemo. Ya durƙusa ya ajiye a gabanta, ya sunkuyar da kai yana jira, yadda yake yi tun yana ɗan firamare. Inna ta shafa ledar. Sannan ta ce, "An gode."

Wallahi sanyi na ji a ƙirjina. Na ce a raina, ɗanɗana ka ji.

Juma'a ta gaba ma haka. Wannan karon fuskarsa na kalla. Mutum mai 'ya'ya biyar, durƙushe, wuyansa a miƙe, yana jiran hannun da bai zo ba. Ya daɗe kafin ya tashi. A zaure yana tura babur ya ce min, ba tare da ya kalle ni ba, "Yanzu ka huta, Yaya?"

Na gane abin da Inna ta yi. Ba za ta iya sa mini albarka ba, to ta daina sa masa a gabana. Abin da na samu ke nan da buɗe bakina.

Ban ba ta haƙuri ba, don ba da haƙurin ma sake tayar da maganar ne, ita kuwa ba za ta iya ji ba. Abin da nake yi yanzu shi ne, in na ga ƙanina ya shigo, sai in taɓa notin sarbo in ji ko sun saki, in ce ina da inji a fadama mai shi yana jira, in yi sallama. Karon farko ta yi shiru har na fita. A karo na uku ne, ina zaure ina neman makullin babur, na jiyo muryarta ƙasa-ƙasa ta fara sa masa albarka.

Har yau in na ji sai kishin ya taso, ba abin da ya ragu. Amma ba na tayar da babur sai ta kai ƙarshe, kada ƙarar ta katse ta.